Ƙoƙon Kunkurun Baba

Dangin Kunkuru sun sake ci, karo na ashirin da uku ke nan a jere, Zubaida kuwa ji ta yi kamar ta ɗauki allon wasan ta wurga shi rijiyar tsakar gida.

Ba ta wurga ba, don wata goma sha ɗaya ta yi tana haɗa shi. Wasan nata ne, ita ta ƙago shi tun daga suna har doka, ta sa masa Rijiya Bakwai. Allo ne na kwali, an zana masa duwatsu da rafuka da rijiyoyi bakwai, mutum huɗu ke zama a kai kowa ya ja dangi ɗaya, a yi zagaye goma sha biyu, kowane zagaye wata guda. Inda ya sha bamban da lido ko dara shi ne ba a raba wa kowa kaya iri ɗaya. Dangin Kura suna da yawa, ga gudu, amma in kura ta waiga ta ga ita kaɗai ce sai ta arce. 'Yan Ruwa ba sa taka tudu, rafi kawai suke bi, da rani abin tausayi ne, da damina kuwa sai dai a ba su hanya. Maƙera 'yan kaɗan ne, sai sun cinye rabin wasa suna hura wuta kafin su fito da makami. Su kuma Dangin Kunkuru ba gudu ba haƙori, ƙoƙon bayansu ne duk dukiyarsu. Aikinsu su lallaɓa su zauna a kan rijiyoyi, in wata na goma sha biyu ya same su a zaune, sun ci.

Duk wahalar irin wannan wasa a wuri guda take. Dole dangin su bambanta, amma dole kowa ya zauna da sa ran ci. In ɗaya ya fi ƙarfi wasa ya mutu, don ba wanda zai yarda ya ɗauki sauran. Ga shi wata ƙungiya mai tallafa wa matasa masu ƙirƙira ta yarda za ta buga mata kwafi ɗari biyu, da sharaɗin ta miƙa dokokin ƙarshe ranar Litinin ta sama da ƙarfe goma na safe. Abin da inji ya buga kuwa ya bugu, ba a goge shi da yawu. Kwana tara suka rage mata.

Mai jan Kunkuru a kullum mahaifinta ne, Baba Modibbo, tsohon ma'aikacin safiyo da ya yi shekara talatin da biyar yana auna filaye. Shi ne ma ya zana mata taswirar allon da tsohuwar rularsa, har da yi mata faɗa don ta sa rafi yana hawa dutse. Tun da ya yi ritaya duniya ta yi masa shiru. A da yana da abokin dara, Malam Paul, wanda suka yi ofis ɗaya. Kullum la'asar sai sun haƙa gurabe a ƙofar gidan nan na unguwar Ɗan Iya, suna cin juna suna tsiya har a kira magariba. Da Malam Paul ya tattara ya koma Bogoro, gurabun suka cike da ƙasa. Shi ya sa ranar da Zubaida ta shimfiɗa allonta tana neman masu gwaji, Baba ne ya fara jawo buzunsa. Ya dubi murafun kwalbar lemo da ta mayar kunkuru, ya ce waɗannan nasa ne, don su kaɗai ya gani da natsuwa.

Sauran ukun ma ba sa canzawa. Akwai yayarta Halimatussa'adiyya, wadda kowa ke kira Adda, mai jan 'Yan Ruwa, wato shuɗɗan maɓallai. Akwai mijin Adda, Auwalu, mai shagon kayan babur, wanda ke goyo ta daga Inkil kowace Asabar. Shi ke da Kura, ƙwallayen dabino. Sai Ɗanlarai, ɗan ƙanwar Baba, mai jan Maƙera, waɗanda aka yi da notuna shida daga shagon Auwalu.

"Shekara ta cika," in ji Baba, yana shafa gemu. "Zubaida, rubuta."

"Na rubuta, Baba."

"Shi wasa ba ƙarfi ba ne, lissafi ne. Malam Auwalu, ka ga inda ka yi kuskure?"

Auwalu na can gefen tabarma, rabin jikinsa a kan siminti, ido a ƙasa. "Na gani, Baba. Allah ya ƙara basira."

Adda da Ɗanlarai ko ji ba su yi ba, suna can suna fama. Ita tana cewa shi ya fara toshe mata rafi, shi yana cewa ai ita ta kashe masa wuta sau uku, kuma da ma tun suna yara muguwa ce.

Abin da ke ci wa Zubaida tuwo a ƙwarya shi ne ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A dokar farko ƙoƙon kunkuru biyar ne, wato sai mai hari ya jefa ɗan lido ya samu shida kafin ya fasa shi. Da Baba ya ci sau biyar ta mayar da shi huɗu. Ya ci gaba da ci, ta mayar uku. Ta ƙwace musu damar shigewa cikin ƙoƙo su tsallake hari. Ta ce rijiya uku ta yi kaɗan, sai sun riƙe huɗu. Yanzu ƙoƙon ya dawo biyu, abin da ko kaza ta tsattsaga zai fashe, amma tsohon nan bai fasa ci ba. Duk sanda ta rage wani abu sai ya yi murmushi ya ce, "Rage, 'yar nan, rage. Mai hankali ko da tsinke ya yi yaƙi." A ranar ta zauna da biro a hannu tana tunanin mayar da shi ɗaya.

Allah ya taimake ta da Liatu, ƙawarta tun makaranta, wadda ke koyar da lissafi a wata sakandare. Ita ta karɓi kwafi na biyu na allon ta kai ɗakin malamai don a gwada. Ranar Alhamis da aka tashi daga makaranta ta sauka daga keke a shagon da Zubaida ke aikin tsara katin biki, ta dire jaka a kan tebur.

"Zuby, kunkurun nan naki, wane laifi ya yi miki?"

"Laifin cin kowa. Ku ma ya cinye ku ko?"

"Cinye wa? Sau tara muka buga, sau tara kunkuru bai ga wata na biyar ba. Malaminmu na kimiyya ya ce in aka sake ba shi kunkuru zai kai ƙara wurin firinsifal."

Zubaida ta yi tsaki. "Ba ku iya ba ne. A gidanmu sau ashirin da uku ya ci."

"Wa ke riƙe shi a gidanku?"

"Baba."

"To. Wa ke dukansa?"

Zubaida ta jawo littafin da take rubuta kowane hari na kowane wasa, ta fara buɗawa, Liatu na leƙe ta kafaɗarta. Adda ta kai wa Ɗanlarai hari sau ɗari da wani abu. Ɗanlarai ya rama da ƙari. Auwalu kuwa yakan jira su gaji, ya bi wanda ya rage ya tattake. Layin da ta ware don harin da aka kai wa Kunkuru yana nan fari fat tun shafin farko har na ƙarshe, ba ko ɗigon biro.

Liatu ta yi dariya har da riƙe ciki, Zubaida kuwa kunya ta rufe ta. Yaya aka yi ba ta gani ba? To, ina za ta gani? Mai ɗaki ba ya jin ƙamshin ɗakinsa. Auwalu suruki ne, ko ruwa ba ya iya sha a gaban Baba, balle ya tura masa kura. Yanzu ma ta tuna yadda yake kewaye murfin kwalba da ƙwallon dabino, daidai yadda yake kewaye buzun Baba in zai wuce. Adda 'yar fari ce, ita da Baba ko haɗa ido ba sa yi sosai, shi kansa Adda yake ce mata don kada ya kama sunan. Ɗanlarai ba zai ɗaga wa kawunsa hannu ba. Ga shi kuma shi da Adda taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, tsiya a tsakaninsu gado ce, ko a gidan makoki suka haɗu sai sun tsokani juna. Ashe wata shida ta yi tana auna kunya tana rubuta ta da sunan ƙoƙo.

"Sai ki mayar da shi biyar kawai," in ji Liatu tana share hawaye.

"A'a. Malamanku sababbin hannu ne. Baba ya yi wasa ashirin da uku da kunkurun nan. In fa da gaske ya ƙware, kuma biyun ta isa a hannun gwani? Sai na ga an dake shi da gaske, shi ɗin."

"Wa zai dake shi?"

Zubaida ta san abin da Asabar take nufi a wurin tsohon. Tun ranar Juma'a yake sa a wanke masa farar jamfa, kuma kwanaki ta ji shi a waya yana gaya wa Malam Paul cewa har yanzu ba a haifi mai cinsa ba. Zuciyarta ta ce ta bari. Amma kwafi ɗari biyu ba wasa ba ne, kuma, a faɗi gaskiya, da fuskar Auwalu ta faɗo mata a rai sai wani murmushi ya suɓuce mata. Mijin yaya abokin wasa ne, duk abin da ƙanwar mata ta yi masa halal ne.

"Yaya Auwalu zai dake shi," ta ce. "Ki zo ranar Asabar."

Ranar Asabar bayan la'asar ta sanar da sabon tsari. Yau ƙuri'a za a yi, kuma ba wanda zai san dangin da wani ya ja. Kowa zai zauna a wurinsa daban da wayarsa. Ita da Liatu za su zauna da allo a tsakar gida, kowa ya turo mata motsinsa a asirce, ita ta matsar, ta ɗauki hoto ta tura wa kowa. Ta naɗe takardu ta zuba a hular Ɗanlarai, amma ɗaya tana maƙale a tsakanin yatsunta.

"Baba, ga taka. Babba ba ya sa hannu a hula."

Ba wanda ya ga aibu a wannan, ladabi ne. Baba ya warware takardar, ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, ya yamutsa fuska ya ƙanƙance ido. Dalili kuwa tabaransa na can ƙarƙashin matashi a ɗakinsa, inda wata baiwar Allah ta ajiye shi tun da azahar. Da ya shige ɗaki, Zubaida ta rage murya ta ce wa sauran, "Kun ga yadda Baba ya yamutsa fuska kuwa?"

"Allah sarki," in ji Auwalu. "Yau an raba shi da kunkurunsa."

Ita dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Aka ja sauran takardun. Ita kaɗai ta san Auwalu ya sake faɗawa kan Kurayensa, Adda ta samu Maƙera, Ɗanlarai ya samu 'Yan Ruwa. Ta tura Adda ɗakin Inna mahaifiyarsu, ta tura Ɗanlarai gindin darbejiyar ƙofar gida, ta ce Yaya Auwalu ya zauna a zaure don ya fi iska. Abin da ba ta tuna masa ba shi ne zauren bango ɗaya ne da ɗakin Baba, kuma akwai 'yar taga a sama wadda ba ta rufuwa.

Saƙon Baba na farko ya shigo kamar takardar ofis: "Zuwa ga Zubaida. Bayan gaisuwa mai yawa, a matsar da kunkuru na biyu gurbi ɗaya zuwa gabas. Naki, Baba." Liatu ta toshe baki da gyale.

Wata na farko ya wuce lafiya, kowa na leƙen kowa. Auwalu ya duba hoto ya ga Maƙera sun lafe a gindin dutse suna hura wuta a natse, ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan natsuwa ta manya ce. Daga nan kurayensa suka riƙa kewaye notuna da ladabi. Da ya waiwayo ya ga kunkuru a bakin rafi, ba kariya, sai yunwar wata shida ta taso masa. Ya turo saƙo: kura uku, kan kunkurun gabas. Zubaida ta jefa ɗan lido, huɗu ta fito. Ta ɗauke murfin kwalba na farko da aka taɓa ɗaukewa daga allon nan a gidan.

"Ɗanlarai!" Muryar Auwalu ta cika zaure. "Ka ji ƙarar ƙoƙo?"

Ɗanlarai ya san sarai ba shi ne Kunkuru ba. Amma ya lissafa cewa in Kawu ne Maƙera, to Kunkuru Adda ce, kuma duk abin da zai sa miji ya tattake Adda alheri ne. Sai ya narke murya daga gindin bishiya. "Wayyo, Yaya Auwalu, ka tausaya wa maraya!" Yana faɗa yana tura wa Zubaida saƙon a ja wani kunkurun cikin rafi.

Saƙon Baba na gaba ya zo ba "naki". Na bayansa ya zo ba gaisuwa. Zubaida ta lura, Liatu ma ta lura, dariyarsu ta fara raguwa. Gaskiya tsohon ya yi ƙoƙari. Ya ja sauran kunkurunsa ya jingina su da dutse yadda kura biyu kawai za su iya isa gare su, dabarar da Zubaida kanta ba ta taɓa hangowa ba. Amma ƙoƙo biyu ƙoƙo biyu ne. Uku ta fasa shi, huɗu ta fasa shi, kusan duk abin da ɗan lido ya ga dama.

Shi kuwa Auwalu baki ya buɗe. Mutumin da in yana gidan nan sai ka sa kunne kafin ka ji sallamarsa, yau har maƙwabta na jin sa.

"Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa! Ɗanlarai, fito da wani!"

"Na tuba, Yaya Auwalu!"

"Ba tuba! Kai, wallahi duk wanda ya ajiye kunkuru a bakin rafi, kura uku na bayansa, ƙwaƙwalwar kifi gare shi. Wata shida kana kallon Baba yana wasa, ko kaɗan ba ka koya ba?"

Zubaida ta dubi ƙofar ɗakin Baba. Labule bai motsa ba. Wayarta ta yi ƙara, ta duba, saƙon Baba ne, kalma ɗaya ce: "Gabas." Ta matsar. A wata na huɗu kunkuru na ƙarshe ya fashe, daidai inda na malaman su Liatu ke fashewa. Ta samu amsar da take nema, amma ko kaɗan ba ta ji daɗinta ba.

Sauran wasan bai daɗe ba. Kuraye suka ci gaba da yi wa Maƙera ladabi har wutarsu ta kama, suka fito da makamai suka share allo. Zubaida ta kira kowa tsakar gida. Auwalu ya shigo yana gyara hula, ya durƙusa ta wajen ɗakin Baba tun kafin a fito, yana shirin cewa Allah ya ƙara basira.

"Maƙera sun ci," in ji Zubaida. "Mai Maƙera ya ɗaga hannu."

Adda ta ɗaga. Ta dubi mijinta sama da ƙasa. "Ashe kai ne kake ta kewaye ni? Shekara takwas da aure, yau ka fara jin kunyata."

Auwalu ya juya wurin Ɗanlarai. Ɗanlarai ya buɗe takardarsa a hankali, 'Yan Ruwa, shi ma fuskarsa ta fara sauyawa, don lissafin ya iso masa. Sai labule ya ɗaga. Baba ya fito da farar jamfarsa, tabarau a hanci, ya tako har bakin allo, ya ajiye takardarsa a buɗe a kan rijiyar tsakiya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku," ya ce, ya koma ɗaki ya saki labule.

Ba wanda zai iya cewa ga lokacin da Auwalu ya fita. An dai ji tashin babur, aka leƙa zaure aka tarar da takalmi ƙafa ɗaya. Matarsa ma a nan ya manta ta, sai keke ta hau zuwa Inkil, tana tafe tana dariya tana cewa yau akwai labari. Ɗanlarai ya tuna wani aiki na gaggawa a Miri. Liatu ta matse hannun ƙawarta ta ce sai gobe in an taso coci.

Baba bai sake fitowa ba sai don salla. Tuwon da aka kai masa ya dawo rabi. Da gari ya waye Zubaida ta nemi allon a inda ta bar shi, babu shi, babu murafun, babu littafinta, har takalmin zaure ya ɓace. Ta leƙa murhu, ta leƙa kwandon shara, ba ta ga komai ba, kuma ba ta da fuskar tambaya. Da-na-sani ya kama ta sosai. Tsoho yana da abu ɗaya da yake jira duk mako, ita ta sa hannu ta fasa shi a gaban surukinsa don kwali da murfin kwalba.

Haka ta wuni ranar Lahadi a gidan su Liatu da kwafi na biyu da malamai uku, ana gwada ƙoƙo biyar da ƙoƙo huɗu. Wasa huɗu kawai suka samu yi kafin kowa ya gaji, kuma sakamakon bai raba gardama ba. Ta dawo gida da ciwon kai. Ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe tana zaune gaban kwamfuta, takardar dokoki a buɗe, gurbin lambar ƙoƙo babu komai, ga ƙarfe goma na tahowa.

"Zubaida."

Muryar Baba ce daga ɗakinsa. Ta tashi, ta yi sallama ta shiga ta durƙusa. Allon na shimfiɗe a tsakiyar ɗaki, dangi huɗu kowa a gurbinsa. A gefe ga littafinta, ga kuma fallayen takarda da aka ja wa layi da rula, cike da ƙananan lambobi irin na mutanen safiyo.

"Huɗu," in ji Baba, bai ɗago ba. "Biyar ta yi yawa, mai kunkuru zai yi barci ya ci. Uku zalunci ne. Biyu kuwa, Allah ya isa. Ki sa huɗu, ki mayar musu da shiga ƙoƙo amma sau ɗaya tak a wasa, rijiya kuma uku. Sannan kurayen nan ki rage ɗaya, sun yi yawa."

"Baba, yaya aka yi ka..."

"Wasa goma sha shida na yi jiya, ni kaɗai, ina zagaya allo. Ni dai ba na jin kunyar kaina, don haka na daki kunkurun nan yadda ya kamata." Ya tura mata takardun. "Ga shi nan. Kowane dangi ya ci tsakanin uku da biyar. In kin ga kuskure ki nuna mini."

Ta duba. Ba kuskure. Aikin da ta kasa yi a wata shida ne, an yi shi tsaf, har da jan layi biyu a ƙarƙashin jimla. Idonta ya ciko.

"Baba, ka yafe mini. Ni na ɓoye tabaran."

"Na sani. Wa ke shiga ɗakin nan in ba ke ba?" Ya cire tabaran ya goge da bakin riga. "Na karanta littafinki. A cikin ashirin da ukun nan, nawa ne nawa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba ko ɗaya," ya amsa wa kansa. "Sadaka aka yi ta ba ni ina godiya, har ina buga wa Paul waya ina cika baki." Ya juya murfin kwalba a tafin hannu. "Shekaranjiya na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Da yaron nan ya ce ƙwaƙwalwar kifi, saura kaɗan in fito da sanda. Amma da na jingina kunkurun nan da dutse, ina jiran in ga me ɗan lido zai yi, sai na ji gabana yana faɗuwa. Rabon da gabana ya faɗi a kan wasa tun Paul yana garin nan. Shi in ya ci ni har rawa yake yi a ƙofar gida."

Zubaida ta share ido da gefen mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Tashi ki je ki tura musu, kada ki makara. Asabar kuma a sake raba mu ɗaki-ɗaki. Amma ƙuri'ar gaskiya, ban da ta tsakanin yatsu."

"To, Baba. Sai dai Yaya Auwalu ba na jin zai sake taka unguwar nan. Adda ta ce tun shekaranjiya ko shago bai fita ba."

Baba ya miƙa hannu ƙarƙashin gado, ya jawo takalmi ƙafa ɗaya, ya kaɗe shi, ya mayar ya tura can ciki.

"Zai zo. Ba a aiko a karɓa, sai mai shi da ƙafarsa, kuma sai ya zauna mun buga." Ya mayar da tabarau, ya fara jera kunkurunsa a bakin rafi. "Ki buga masa waya. Ki ce mai ƙwaƙwalwar kifi yana gaishe shi."